Akushin Matafiyi: Sharhi a Kan Labarin Tafiyar Dorugu

In an tambayi ɗalibin Hausa inda rubutun zube na boko ya faro, amsar da ke kan leɓensa ita ce gasar 1933, wadda Dokta Rupert East ya shirya a Zariya. In kuwa aka ce ya kawo littafin tafiye-tafiye, sai ya ambaci Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, ko Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano. Duk wannan gaskiya ne, amma da saura. Shekara 48 kafin waccan gasa an riga an buga labarin wani yaro Bahaushe da ya ratsa ƙasashe a ƙasa, daga Kukawa zuwa Tambutu, daga nan har bakin Bahar Rum. Sunansa Dorugu, kuma labarinsa ne za mu ɗora a faifai.

Wane ne Dorugu?

An haife shi wajen 1840 a ƙasar Damagaram. Yana ƙarami aka kama shi bawa, aka kai shi Barno. A Kukawa wani Bajamushe, Adolf Overweg, ya 'yanta shi tare da Abbega, wani yaro Margi. Da Overweg ya rasu a 1852 sai yaran suka koma hannun Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Da shi suka bi ta Damagaram da Katsina da Wurno da Sakkwato da Gwandu da Sayi, suka shiga Tambutu a watan Satumba na 1853. A 1855 suka keta Sahara ta Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus, sa'an nan Ingila. A can ne wani ɗan mishan, J. F. Schön, ya zaunar da Dorugu yana faɗa shi kuwa yana rubutawa, aka buga labarin cikin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya komo gida, ya rasu a Kano a 1912.

Jigo da Salo

Jigon labarin shi ne rabuwa da gida, da fafutukar rai a kan hanya. Abin da ya ba shi armashi kuwa shi ne matsayin mai ba da shi. Barth ya cika manyan littattafai biyar a kan wannan tafiya, amma idonsa na shugaban ayari ne: yana auna nisa, yana ƙiyasta jama'a, yana tambayar farashi. Shi ne ya ce mutanen Kano za su kai 30,000, kuma iyali guda na iya rayuwa shekara cur da kuɗin wuri 50,000 zuwa 60,000. Dorugu bara ne, wurinsa na bayan ayari, kusa da raƙuma da murhu da salka. Shi ya sa yunwa da ƙishirwa da gajiya suka sami wuri a bakinsa. Mai gida ya san kuɗin hatsi, yaron gida shi ya san ko an ƙoshi.

Inda gwanintarsa ta fi fitowa shi ne wajen bayanin cin abincin manyan Ingila. Ya tsaya ya kalli yadda ake shirya tebur, da yadda maza da mata ke zama a gauraye, da yadda ake kawo abinci kala bayan kala, kamar dai yadda Turawa suka saba kallon namu al'adu su rubuta. A nan reshe ya juye da mujiya: wanda aka zo nazari shi ne ya koma manazarci. Ba ya zagi, ba ya kuma rawar jiki. Ya ga abu ya faɗe shi yadda ya gan shi, sai mai karatu ya tarar da kansa yana murmushi, don kuwa ashe Bature ma yana da tasa bidi'ar a gaban akushi.

Salonsa na baka ne tsantsa. Jimlolin gajeru ne, ana ɗinka su da "sai" da "da muka", irin na mai ba da labari a dandali. Wannan ya sa labarin ke gudu ba tuntuɓe.

Inda Aka Yi Rauni

Kowane allazi da nasa amanu. Na farko, gudun nan da muka yaba shi ne kuma cikas. Sau da yawa Dorugu kan ambaci gari ya wuce, alhali mai karatu na so a tsaya a shiga kasuwa. Yaro ne ɗan shekara 16 ko kusa da haka, yana faɗa daga ƙwaƙwalwa, don haka ba a tuhumarsa, amma giɓin na nan.

Na biyu, alƙalamin ba a hannunsa yake ba. Schön malamin kirista ne mai neman kayan haɗa nahawu da ƙamus, kuma Dorugu a gidansa yake ci yake sha. Wanda ke cin tuwonka ba ya kushe miyarka a gabanka. Saboda haka dole manazarci ya yi hattara da duk inda labarin ya yi wa Turawa sassauci.

Na uku, rubutun kansa. A zamanin Schön ba a fito da haruffa masu lanƙwasa ba, ga shi kunnensa baƙo ne, sai wasu kalmomi suka fito a karkace. Fassarar Ingilishi da Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar a 1971 ta fi asalin Hausar sauƙin samu da sauƙin karantawa. Abin kunya ne a ce jikokin Dorugu sai sun bi ta Turanci kafin su ji muryarsa.

Me Ya Rage Gare Mu?

Imam ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jarida na Afirka ta Yamma, Malam Aminu shi ma Turai ya nufa. Dukansu sun rubuta ne don su buɗe wa jama'a ido, kuma sun yi. Sai dai sun bar mana wata ɗabi'a ta ganin tafiya ba ta isa littafi ba sai an haye teku. Hanyar gida fa, wa ya rubuta ta?

Ɗauki hanyar da kowane mutumin Doka ya sani, daga tashar Kawo zuwa Kano. Ga Mararrabar Jos da Jaji, ga Kwangila a Zariya, ga Tashar Yari inda rake da mazarƙwailar ƙasar Maƙarfi ke fitowa bakin titi, ga Kwanar Dangora, ga kwandunan tumatir a Kwanar Gafan. Kowane zango da abin da ake miƙo wa fasinja ta taga, daga fura da nono zuwa dafaffen ƙwai da tsire. Fatake sun yi guzuri da gumba da daƙuwa da kilishi don ba sa lalacewa a rana, yau kuwa biredi da ruwan leda sun karɓe wurin. Wannan canji tarihi ne, kuma yana wucewa ba mai rubutawa.

Lokaci kuma ba ya jira. Tun da aka buɗe jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna a 2016, matafiya da yawa suka daina tsayawa a ƙauyukan kan titi. 'Yan bindiga sun sa hanyar Birnin Gwari ta zama abin fargaba shekara da shekaru, jirgin ma bai tsira ba a harin 28 ga Maris, 2022. Ƙauyen da aka watse, da girkinsa yake watsewa.

Kammalawa

Shawarata biyu ce. Sassan Hausa na jami'o'inmu su sake buga labarin Dorugu cikin daidaitacciyar Hausa, a sa shi a manhaja kusa da littafin Imam. Mu kuma 'yan wannan ƙungiya, duk mai zuwa hutu ya riƙe littafi da biro, ya rubuto mana zangon da motarsu ta tsaya, da abin da aka ci, da nawa aka saya, da sunan da mutanen wurin ke kiransa. Yaron da bai mallaki ko raƙumin da yake ja ba ya bar mana abin da muke nazari bayan shekara fiye da 160. Mu da muke da digiri a gaba, wane uzuri gare mu? Allah ya sa mu dace, amin.