Doki da Raƙumin Dawa a Kyautar Sarakuna: Tsokaci a kan Yadda Muke Karanta Tarihin Kano

Tun ina aikin gwamnati nake da al'adar karanta littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, daga baya kuma ya fito da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Littafi ne mai daraja, babu mai musun haka. Sai dai akwai wani wuri a cikinsa da na daɗe ina ganin muna wuce shi da gaggawa, wato batun dabbobin da sarakuna ke aika wa juna. Wannan shi ne abin da nake son jawo hankalin malaman makaranta da dattawanmu a kai.

Da farko, ya kamata a sani cewa aika dabba a matsayin kyauta tsohuwar al'ada ce a fadojin duniya. Halifa Haruna Rashidu na Bagadaza ya aika wa Sarki Shalaman na Turai giwa, ta isa gare shi a shekarar 802. Ibn Khaldun ya ruwaito cewa a 1257 Sarkin Kanem ya aika wa Sarkin Tunis, al-Mustansir, raƙumin dawa, jama'a suka yi cincirindo don kallonsa. Haka Sarkin Mali, Mari Jata na Biyu, ya aika wa Sarkin Fas, Abu Salim, irin wannan dabba wajen 1360. Raƙumin dawa ba ya noma, ba ya yaƙi. Amfaninsa shi ne ya nuna cewa mai kyautar yana da iko da daji mai nisa, kuma yana da hanyar ratsa hamada da dabba a raye. Kyauta ce ta tsara da tsara.

Doki kuwa sha'aninsa daban ne. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda Palmer ya ƙiyasta mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, ya nemi Kwararrafa su biya shi haraji, suka ba shi bayi 200. Daga nan ya riƙa aika musu dawaki, su kuma suna aiko masa da bayi. Shi ne kuma aka ce ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali.

A nan ƙorafina na farko yake. Marubucin ya fara da zancen haraji, alhali abin da ya bayyana daga baya musaya ce. Wanda ake biya haraji ba ya mayar da dawaki a kai a kai. Kwararrafa suna kudu, inda ƙudan tsando ke sa wa doki sammore ya mutu, saboda haka kullum suna bukatar sabo daga arewa. Kano kuma tana bukatar hannun aiki. Kowa ya dogara da ɗan'uwansa. Amma littafin a fadar Kano aka tsara shi, a ƙarshen ƙarni na 19, kimanin shekara 500 bayan Kanajeji, kuma bafade ba ya rubuta cewa ubangidansa ciniki ya yi. Hausa tana da gaisuwa, da kyauta, da tukwici, da haraji, kowanne da matsayinsa. Malamin da ya haɗa su ya kira su “biyayya” ya rage wa yara rabin darasi.

Ƙorafi na biyu ya fi damuna, domin ni mutumin Zuru ne. Littafin ya faɗi sunan sarkin da ya aika dawaki, amma mutanen da aka bayar a madadinsu lissafi kawai aka yi musu, ba suna, ba gari. Dokin da ya shiga hannun sarki a matsayin kyauta, gobe da shi za a kai hari a kamo waɗansu. Ba na cewa waɗancan bayi 200 daga ƙasarmu suka fito. Amma mu mun san yadda doki yake idan ana hango shi daga kan dutse. Kakanninmu Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, sun zauna bisa duwatsu inda kofato ba ya hawa da sauƙi, kuma dattawa suna ba da labarin mahayan Kwantagora na ƙarni na 19. Na taɓa jin wani malami yana yaba wa karamcin Kanajeji a aji, yaran da ke gabansa kuwa jikokin mazauna duwatsu ne. Bai yi ƙarya ba, abin da littafi ya ba shi ya karanta.

Shawarata ita ce kada a jingine littafin, a dai karanta shi da tambayoyi uku: wa ya aika, me aka mayar masa, a fadar wa aka rubuta labarin? Sannan a tura ɗalibai wurin tsofaffin Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, su rubuto abin da suka gada game da doki da mahayinsa tun masu labarin suna raye. Allah ya sa mu dace, amin.