Tukunyar Giya a Ƙasar Zulu da Ƙasar Zazzau

Zulu na Afirka ta Kudu sun ware wa kowace tukunyar giya suna da aiki. Imbiza ita ce babbar da ake haɗa giyar dawa a ciki. Uphiso mai wuya ce kamar tulu, don ɗauka zuwa gidan biki. Ukhamba kuwa, baƙa mai sheƙi marar wuya, da ita ake sha, tana zagaya jama'a daga hannu zuwa hannu. Mata ke gina su. Bayan gashin farko sai su mayar da tukunyar sha cikin hayaƙi har ta yi baƙi ƙirin, domin a imaninsu kakannin da suka rasu sun fi son duhu da sanyi. A ƙuryar ɗaki, wurin da suke kira umsamo, ake ajiye wa kakannin nasu rabon a 'yar ƙaramar tukunya. Wannan sana'a ce ta kai Nesta Nala, wadda ta rasu a 2005, har gidajen adana kayan fasaha na ƙasashen waje.

Mu ma a nan arewacin Zazzau, daga Dandamisa zuwa ƙauyukan Ikara da Kudan, muna da dawa, muna da yumɓu, muna kuma da Maguzawa, Hausawan da suka daɗe suna dafa burkutu don gayya da bikin aure da sauran taruka. To me ya sa tukunyar giyarsu ba ta samu irin wannan ado da girma ba?

Amsar da za ta fara zuwa baki ita ce Musulunci, wanda ya haramta giya. Gaskiya ne, kuma tun bayan jihadin 1804 duk abin da ya shafi giya ya ƙara komawa gefen gari. Sai dai a ganina akwai dalilin da ya girmi wannan. Bahaushe ba ya kai tukunya baki. Da ƙwarya yake sha, ko fura ce ko kunu ko burkutu. Tukunya tana can kan murhu ko jikin danga, an kafa gindinta a ƙasa, ƙwarya ce ke fita gaban baƙi. Shi ya sa zane da goge-goge suka tafi kan ƙwarya da faifai, daga baya kuma kan kwanonin da ake jerawa a ɗakin amarya. Abin da jama'a ke riƙewa su gani shi ake yi wa kwalliya. A ƙasar Zulu yumɓu ne ya samu wannan matsayi, a tamu kuwa duma ne.

Wannan bai sa yumɓu ya rasa daraja a wurinmu ba, ya dai same ta ta wata ƙofa. Randa ita ce sarauniyar tsakar gida. Baƙo ya sauka, kafin a gama gaisuwa an ɗebo masa ruwanta mai sanyi da ƙanshin ƙasa, kuma har yau masu neman lada kan ajiye ta a ƙofar gida ko ta masallaci da moɗa a kai, kowa ya sha. Kaskon wuta na tare da mai jego, tanda na toya waina, shantali na alwala, asusu na koya wa yaro tattali. A wurare da dama, Kano musamman, da tukwane ake rufe ƙaramin ramin kabari kafin a mayar da ƙasa. Wani bambancin kuma da ƙasar Zulu shi ne ginin tukwane a ƙasar Hausa sana'ar maza ce da mata. Magini kan kife tsohuwar tukunya ya shimfiɗa yumɓu a bayanta ya fitar da gindi, ya bari ya sha iska, sannan ya juya ya ɗora sauran jiki da baki.

Hunkuyi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kudan, ta yi suna a wannan aiki, har masana fasahar yumɓu na Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Abbas Ahuwan, suka je koyo wurin maginanta. Ladi Kwali kuwa, maginiyar tukwane 'yar Gbagyi da hotonta ke kan naira 20, ta riga ta nuna cewa randar ƙauye na iya tsayawa a kowane zauren baje koli na duniya.

Abin da ke damuna shi ne gefen Maguzawa. Joseph Greenberg ya rubuta littafi a kan addininsu a 1946, Jerome Barkow ma ya zauna da su a ƙasar Zazzau, amma hankalin manazarta ya fi karkata ga bori da tsarin aure. Mu kanmu kunyar batun muke ji, kamar ambaton tukunyar burkutu shan ta ne. Alhali da yawa daga cikin Maguzawa yanzu sun musulunta ko sun shiga Kiristanci, inda ake dafawar ma ganga da robobi na maye gurbin yumɓu. Ɗaliban Sashen Harsuna da Al'adun Afirka na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ba sa buƙatar doguwar tafiya. Tsofaffin matan da suka san sunan kowace tukunya, da wadda ake dafawa a ciki, da wadda ake barin giyar ta kwana a ciki, da wanda ke fara sha ranar gayya, suna nan a unguwannin Ikara da Makarfi, kuma da Hausa za a yi hirar.