Yatsa Ya Yi Wa Kalmar Sirri Fintinkau

A duk abin da masu ƙera waya suka ƙirƙiro a shekarun nan, babu wanda ya sace mini zuciya kamar ɗan wurin nan da ake ɗora yatsa. Kyamara ta yi ta ƙara idanu, batir ya yi ta ƙara ƙarko, ni dai ga gwanina. Ka ɗora yatsa, kafin ƙiftawar ido waya ta gane mai ita ta buɗe. Wani ya ɗora nasa, ta yi masa kunnen uwar shegu. Kai, madalla da wannan fasaha!

Ba Apple ne ya fara sa ta a waya ba, domin Motorola Atrix ta zo da ita tun 2011. Amma a watan Satumba na 2013, da iPhone 5s ta fito da Touch ID, abin ya zauna da gindinsa. Shekara guda kafin nan kamfanin ya sayi AuthenTec, gwanayen wannan sana'a, a kan kusan dala miliyan 356, kuma kuɗin ba su tafi a banza ba. Android ta buɗe wa fasahar ƙofa sosai a 2015, yau ga ta a jikin Tecno da Infinix da ake sayarwa a Farm Centre ta Kano.

Yadda take aiki ma abin burgewa ne. Na'urar tana auna tudu da kwarin da ke fatar yatsa, ta mayar da su lissafi, ta kulle lissafin a wani keɓaɓɓen sashe na cikin wayar, wanda Apple ke kira Secure Enclave. Ba hoton yatsanka aka ajiye ba, kuma lissafin ba ya barin wayar ya tafi rumbun kamfani. Manhajar banki idan ta nemi tabbaci, amsa ɗaya take samu: shi ne, ko ba shi ba ne.

To a dubi abokiyar hamayya. Shekara da shekaru, duk lokacin da aka fitar da jerin kalmomin sirrin da aka fi amfani da su a duniya, 123456 tana can sama. A nan gida kuwa, shekarar haihuwa ce, ko ƙarshen lambar waya, ko sunan 'yar auta. Mutum ya sa kalma ɗaya a Facebook da imel da banki, a sace ta wuri guda, gidan gaba ɗaya ya buɗe. Lamba mai guda huɗu hanyoyi 10,000 ne kacal ake iya jera ta, alhali Apple ya ce damar yatsan wani ya dace da naka ɗaya ce cikin 50,000, kuma idan aka gwada sau biyar ba a dace ba, wayar ta daina sauraron yatsa. Gaskiya ne lamba mai guda shida ta fi wannan a lissafin takarda, tana da hanyoyi miliyan ɗaya. Amma wa ke zaɓen lambarsa da ka? Wadda muke iya tunawa muke zaɓa, kuma ɓarawo ya san haka.

Inda yatsa ya gama da ni shi ne wajen 'yan damfara. Kowa ya san kiran nan: murya mai ladabi, wai daga banki, "ranka ya daɗe, an toshe BVN ɗinka, karanto mana lambar sirri mu gyara." Dattawa nawa aka yashe da wannan? Lamba ana iya faɗin ta, ana iya leƙen ta ta bayan kafaɗa a cikin adaidaita sahu ko a layin mai POS, ana iya rubuta ta a bayan kati a manta. Yatsa ba ya karantuwa ta waya. Ko a gaban mutum ɗari ka ɗora shi, babu abin da suka tafi da shi. Sannan bai tambayi ko ka yi boko ba: tsohuwar da haruffan Turawa ke ba wahala, ita da injiniya tsaro ɗaya suke samu. A da mutane da yawa ba sa kulle waya sam saboda gajiyar danna lamba sau tari a yini. Yatsa ya kawar da wannan uzurin.

Masu suka za su ce ai an fasa wannan fasaha. E, an fasa. Kwanaki kaɗan da fitowar Touch ID, ƙungiyar masu kutse ta Jamus, Chaos Computer Club, ta ɗauki sawun yatsa daga jikin gilashi, ta yi masa hoto mai tsananin kyau, ta buga, ta zuba masa gam, ta samu yatsan bogi da ya buɗe wayar. A 2014 ɗaya daga cikinsu, Jan Krissler, ya ce ya kwaikwayi zanen yatsan ministar tsaron Jamus ta lokacin, Ursula von der Leyen, daga hotunanta kawai. Na jinjina musu. Sai dai wanda ya fizge maka waya a Kantin Kwari ba shi da ɗakin gwaji, ba shi da haƙurin wannan aiki, kuma idan wayar ta mutu aka kunna, ko ta yi awa 48 ba a buɗe ta ba idan iPhone ce, lamba za ta nema.

Sukar da ke da nauyi ita ce ta canji. A 2015 masu kutse sun kwashe zanen yatsun mutum miliyan 5.6 daga ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka. Kalmar sirri a canza ta cikin minti ɗaya, yatsa kuwa goma Allah ya ba mu. Amma wancan rumbu ne guda da aka tara na kowa da kowa. Wanda ke cikin wayarka naka ne kai kaɗai, sai an bi waya ɗaya-ɗaya. Mai nauyin barci kuma, mai yara masu wayo, shi ma ya kula da hannunsa.

Na'urar tana da shagwaɓa, ban musa ba. Ka idar da alwala hannu da danshi, sai ta yi kamar ba ta taɓa ganinka ba. Hunturu ya farfasa fata, haka. Wannan ƙin mai gida ne, ba buɗe wa baƙo ba, kuma maganinsa ka yi wa yatsa biyu ko uku rajista.

Yanzu ma abin ya wuce buɗe waya. A watan Mayu na 2022 Apple da Google da Microsoft suka amince su goyi bayan tsarin ƙungiyar FIDO na shiga shafuka ba tare da kalmar sirri ba. Mabuɗin yana cikin wayarka, yatsanka ke ba shi izini, kuma an ɗaure shi da shafin gaskiya, don haka ko an turo maka na bogi mai kama da shi sak, ba zai yi aiki a can ba. WhatsApp ma ya karɓi tsarin. Duk manhajar da ta ba ni wannan zaɓi, ba na bari ta tambaya sau biyu.