Fetih 1453: murmushin Sultan da kuɗin jizya

Fim ɗin Turkiya Fetih 1453, wanda Faruk Aksoy ya shirya a 2012, yana ƙarewa da Sultan Muhammadu Alfatih ya shiga majami'ar Aya Sofiya. Kiristoci na makyarkyata, ya ba su aman, ya ɗauki wata ƴar yarinya yana murmushi. Nan ƴan lakkwal da yawa ke cewa: kun ga mulkin adalci! Ni kuwa nan nake da ja.

Ba wai Usmaniyawa ba su iya zama da baƙin addini ba. Sun iya ƙwarai. A 1454 Sultan ya naɗa Gennadios babban limamin Kiristocin Otodoks, aure da gado da shari'ar mutanensa duk suka koma hannunsa. A 1492, da Sipaniya ta kori Yahudawa, ƙasar Sultan Bayazid na biyu ce ta karɓi dubbansu, har Salonika ta cika da su. Sarakunan Turai na lokacin, wane su!

Amma fim ɗin ya mai da abin taushin zuciyar mutum guda, alhali ciniki ne: ka riƙe addininka, ka biya jizya, ka san matsayinka ƙasa da na Musulmi. Wasoson da aka yi wa birnin da bayin da aka kama, fim ɗin ya tsallake su kamar ba a yi ba.

Ga kuma devshirme, wato kwasar yara maza daga ƙauyukan Kiristoci na Balkan, a musuluntar da su, a horar da su aikin soja ko na fada. Sokollu Mehmed Pasha haka aka ɗauko shi daga Bosniya, ya zama babban waziri daga 1565 zuwa 1579. Masu yabo na cewa ɗan ƙauye ya taka matsayi. Gaskiya ne. Sai dai wallahi ina son in ji ta bakin uwayen da aka raba da ƴaƴansu.

Shi kansa babban limamin, da girmansa da komai, jingina ne. Idan mutanensa suka yi tawaye, wuyansa ne. A 1821 Girkawa suka tashi, aka rataye Gregorios na biyar a ƙofar fadarsa ran idin Ista, duk da ya la'anci tawayen a fili. Ƙofar nan tana Santambul, a rufe har yau.