3.4 Sharhi a Kan Fassarar "Tasa Ƙeyar Mai Laifi"

A wannan sashe za a duba yadda kafofin yaɗa labarai na Hausa suke fassara batun miƙa wanda ya tsere daga wata ƙasa zuwa ga ƙasar da ke nemansa. Kalmomin da aka fi ji su ne "tasa ƙeyar mai laifi". A ra'ayin mai nazari, wannan fassara tana da armashi a kunne, amma tana da rauni ta fuskoki uku.

Na farko, ta yanke hukunci tun kafin shari'a. Dokar miƙa waɗanda suka tsere ta Nijeriya ta 1966 ta shafi wanda aka samu da laifi da kuma wanda ake tuhuma kawai. Dangane da wanda ake tuhuma, ba a ɗora wa alƙali tabbatar da laifi ba tare da kokwanto ba. Abin da yake dubawa shi ne, ko hujjojin da aka kawo sun isa a gurfanar da mutumin, da a ce a Nijeriya aka aikata abin. Ke nan kiran sa mai laifi zalunci ne.

Na biyu, fassarar ta cakuɗa sata da shari'a. Alal misali, a watan Yuli na 1984 aka sace Alhaji Umaru Dikko, tsohon ministan sufuri, a Landan, aka same shi cikin akwati a filin jirgin sama na Stansted. Wannan satar mutum ce, ba wata kotu da ta ba da umarni. Amma mai sauraron rediyo a Karfi zai ɗauka duk abu ɗaya ne da hukuncin alƙali, tun da kalma ɗaya yake ji.

Na uku, "tasa ƙeya" tana nuna gaggawa, ta ɓoye damar da doka ta bayar. Ba a miƙa mutum sai bayan kwana 15 da tsare shi, domin ya sami halin ƙalubalantar tsarewar, kuma yana iya ɗaukaka ƙara. Haka nan ba a miƙa shi saboda laifin siyasa, ko kuma in yana da wata shari'a a gida. A kan wannan dalili na ƙarshe ne Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta yi watsi da buƙatar miƙa Abba Kyari ga Amurka a watan Agusta na 2022.

Saboda haka, ya kamata mai fassara ya ce "miƙa wanda ake tuhuma ta hanyar kotu", ya bar "tasa ƙeya" ga kamu na ƙarfi. Fassarar ta fi tsawo, amma ta fi adalci, domin ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa.