Abin da ke Riƙe Doguwar Waƙa

Sau da yawa yaro ya kan kawo wa malaminsa takarda cike da layuka, kowane layi ya ƙare da "wa" ko "na", ya ce ya yi waƙa. In malamin ya gwada rerawa, sai harshensa ya yi ta tuntuɓe. Saboda haka ya kamata mu duba abubuwan da ke riƙe waƙa, tun ba doguwar waƙa mai ba da labarin mazan jiya ba, gama ita ta fi saurin rushewa a hannun wanda bai ƙware ba.

Abu na fari shi ne kari. Gaɓoɓin Hausa iri biyu ne, gajera da doguwa. In ka ce "gida", gaɓar farko gajera ce, ta biyu doguwa. Kari shi ne jera waɗannan gaɓoɓi bisa tsari ɗaya wanda ke komowa a kowane ɗango. Larabci ma haka gaɓoɓinsa su ke, don haka malamanmu ba su sha wuya ba wajen aron ma'aunin da Halilu ɗan Ahmadu, mutumin Basra, ya tsara a ƙarni na 8. Shi ya ƙididdige karuruwa 15, irin su Ɗawil da Basiɗ da Kamil, daga baya Ahfashu ya ƙara na 16. Makaɗin fada bai damu da sunayen nan ba, kotso ko taushi ke auna masa magana, amma shi ma ba ya tsallake awo.

Abu na biyu shi ne amsa-amo, watau ƙafiya. A waƙa mai ƙwar biyar, ɗango huɗu na farko su kan yi amo ɗaya wanda ke sakewa daga baiti zuwa baiti, na biyar kuwa ya koma ga babban amon da ya ratsa waƙar duka. Amfanin wannan ya wuce daɗin kunne. Shi ke taimakon mai hadda. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, kuma makafi da yawa sun haddace Infiraji tasa suna bara da ita. Ba su da takarda, amon ƙarshen baiti shi ne sandar da ke yi musu jagora zuwa na gaba.

To, amma kari da amsa-amo su kaɗai ba su isa su riƙe mai sauraro dare guda ba. Doguwar waƙa tana bukatar abu na uku, wanda za mu kira zaren labari, watau damuwa guda ɗaya wadda kome ke rataye a jikinta. Yaƙin Turoy, bisa ga faɗar Girkawa, shekara 10 aka yi ana gwabzawa, amma Homa bai ɗauko shi tun daga tushe ba a cikin Iliyad. 'Yan makonni kaɗan ya zaɓa cikin shekara ta goma, ya ɗora kome a kan fushin jarumi Akilis, wanda shugaban rundunar ya ƙwace wa kuyanga. Haka kuma maroƙan Mali in suna ba da labarin Sunjata, su kan soma da yaron da ya kasa tafiya, a bi shi cikin gudun hijira, har ya komo ya ci Sumanguru da yaƙi a Kirina wajen shekarar 1235. Mai sauraro ba ya tashi, don yana son ya ga yadda gurgun jiya zai zama sarki.

Yanzu bari mu auna wata tamu da wannan ma'auni. Waƙar Bagauda, wadda Mervyn Hiskett ya buga tare da fassarar Turanci a 1964 da 1965, ta ba da labarin Bagauda maharbi, wanda ya fara saran dajin Kano. Nan akwai mutum, akwai daji, akwai aiki, mai sauraro ya gyara zama. Daga nan sai ta shiga jera sunayen sarakuna, wane ya yi shekara kaza, wane ya gaje shi. Wanda ya zo neman jarumi irin Sunjata zai ce zare ya tsinke, gama ba sarkin da a ke daɗewa da shi har a san halinsa. Wannan zargi yana da ƙamshin gaskiya, kuma ba za mu ɓoye ba, akwai wuraren da waƙar ta koma kamar lissafi.

Duk da haka, wanda ya yi haƙuri ya kai ga wa'azin da ke biye da jerin, zai gane inda mawaƙin ya dosa. Kowane suna da aka ambata, mai shi ya hau, ya yi zamaninsa, ya kau. Saurin wucewar sunayen shi kansa hujja ce. Kafin mawaƙin ya buɗe baki ya ce duniya ba matabbata ba ce, ya riga ya sa ka ga sarakuna suna shuɗewa a gabanka ɗaya bayan ɗaya. Ashe zaren yana nan, mutuwa ce ke riƙe da shi. Shi ya sa masu rera ta su ka iya ƙara sunayen sarakunan baya ba tare da waƙar ta lalace ba, kowane sabon suna ƙara wa hujjar nauyi ya ke yi. Shi ya sa kuma bai kamata a yi mata hukunci da saɓanin da ke tsakaninta da littafin Tarihin Kano ba, ko da ya ke masu binciken tarihi suna da hakkin su lura da shi.

Saboda haka duk saurayin da ke nufin waƙe Tabkin Kwatto na 1804, ko faɗuwar Alƙalawa ta 1808, sai ya fara tambayar kansa, damuwar wa zan bi? In ya sami amsa, sa'an nan ya zaɓi kari, ya rera da ƙarfi a gaban wanda bai iya karatu ba. In mutumin ya iya maimaita baiti biyu da safe, to, a ci gaba da rubutu.