CINIKIN BIRI A SAMA

 Yau na zo da wata magana wadda na san wasu za su ce ina ruwan biri da gada, me ya haɗa matar aure da wasan bidiyo, wato gem ɗin nan da yara da samari suke wuni a kansa gaban talabijin. To ku yi haƙuri ku biyo ni a hankali, domin sau da yawa kuɗin sayen abin nan daga jakarmu yake fita, kuma 'ya'yanmu da ƙannenmu ne suke kwana suna tashi da shi.

Abin da ya jawo maganar shi ne, ɗan yayana ya zo min hutu, yaro ɗan shekara 12. Ran nan ina tsince shinkafa sai ya zo ya tsuguna kusa da ni yana ta murmushi, na san dai da magana a bakinsa. Ya ce, "Anti, don Allah ki saya min GTA V, wallahi 97 aka ba shi." Na ce, "97 na me? Wa ya ba shi?" Ya ce, "Masu sharhi mana Anti, cikin 100 fa. Ko a ajinmu babu mai cin 97." Gaskiya maganar ta shige ni, don ni ma na yi makaranta, na san darajar 97. Saura kaɗan na ɗauko jaka, sai wata zuciyar ta ce ke dai bincika tukuna. Abin da na tarar a binciken nan shi na kawo muku.

Da farko dai yaron bai yi ƙarya ba. A ƙasashen Turawa da Japan akwai mujallu da jaridu waɗanda aikinsu ke nan, idan sabon wasa zai fito a ba ma'aikacinsu ya buga, ya rubuta abin da ya gani, a ƙarshe ya yanka masa maki, wani cikin 10, wani cikin 100, wani da taurari. Sannan akwai wani kamfani a Amurka mai suna Metacritic, wanda ya fara aiki a 2001, shi kuma ba ya buga wasa, nasa shi ne ya tattaro makin da kowa ya bayar ya mayar da su cikin 100, ya haɗa ya raba ya fitar da lamba ɗaya. Daga 75 zuwa sama a shafa mata kore, daga 50 zuwa 74 ruwan ɗorawa, ƙasa da haka ja. Kuma ba daidai yake auna masu sharhin ba, makin wata mujallar ya fi na wata nauyi a wurinsa, amma bai taɓa bayyana ma'aunin ba. To ta wannan hanya ce GTA V, wanda ya fito a 2013, ya samu 97 ɗinsa.

Sai na ce bari in bar lambar in karanta abin da mutanen suka rubuta. A nan ne na gamu da sharhin wata mata mai suna Carolyn Petit, wadda a lokacin take aiki da GameSpot. Ta yaba wa wasan ƙwarai, girman garin da aka gina a cikinsa da yadda komai yake tafiya kamar gaske, ta ba shi 9 cikin 10. Amma a cikin rubutun ta faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa wasan ya wulaƙanta mata, ba ka ganin mace a ciki sai abar raini ko abar dariya. Wasu masu sharhin kuma suka yi magana a kan wani wuri da dole mai wasan ya azabtar da wani mutum da hannunsa kafin labari ya ci gaba. 'Yar uwa ki duba fa, abin da ni a matsayina na uwa nake bukatar sani ke nan, kuma an rubuta shi, amma da aka zo tara maki sai lamba ta haɗiye shi. 97 ba ta da bakin da za ta gaya min akwai azabtarwa a ciki. Abin takaici kuma, matar nan da ta faɗi gaskiya zagi ta sha a wurin masoya wasan, har da masu tara sa hannu wai a kore ta daga aiki, alhali 9 ta bayar. Wato su a wurinsu sharhi shi ne ka yi guɗa ka koma gefe.

Ashe ma akwai wata lambar a jikin kwalin wadda ɗan nawa bai nuna min ba. Bayan da majalisar dattawan Amurka ta yi zama a 1993 a kan zubar da jinin da ke cikin wasanni irin su Mortal Kombat, sai masu sana'ar suka kafa hukumar ESRB a 1994 don ta riƙa faɗin shekarun da suka dace da kowane wasa. Turai ma ta kafa tata mai suna PEGI a 2003, ita lambobinta 3 ne da 7 da 12 da 16 da 18. GTA V dai 18 ne a jikinsa ɓaro-ɓaro, a Amurka kuma harafin M, wato daga shekara 17 zuwa sama. Makin masu sharhi yana magana ne a kan iya aiki, lambar shekaru kuma a kan wanda ya kamata ya riƙe. Wuƙa mai kaifi ai ta ci makinta, amma ba a miƙa wa mai rarrafe.

To bari mu dawo kan makin kansa, shin ko a kan iya aikin za a dogara da shi ido rufe? Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mujallun nan da tallan kamfanonin wasa suke rayuwa. A watan Nuwamba na 2007 GameSpot ɗin nan ta sallami babban editanta Jeff Gerstmann, jim kaɗan bayan ya ba wani wasa mai suna Kane & Lynch maki 6 cikin 10, a daidai lokacin da tallan wasan ya cika shafin. An daɗe ana musu a kan dalili, sai a 2012 shi da bakinsa ya ce shugabannin wurin ne suka kasa jure matsin masu talla. Ban ce duk mai sharhi sayensa aka yi ba, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Amma ke kanki idan kina aiki a wurin kika ga abin da ya samu na gaba da ke, hannunki ba zai yi rawa ba ran da za ki rubuta 6?

Sai kuma labarin da ya fi ba ni tausayi. A 2010 wani kamfani mai suna Obsidian ya yi wasan Fallout: New Vegas, kamfanin Bethesda ne ya ba su aikin. A cikin yarjejeniyarsu an ce idan wasan ya kai 85 a Metacritic za a ba su tukuici a kan kuɗin aikinsu. Wasan ya fito, ya samu 84. Maki ɗaya tal, tukuici ya bi ruwa. Ɗaya daga cikin manyan marubutan wasan, Chris Avellone, shi ya bayyana haka a 2012. Ga shi kuma har yau masu buga wasa suna sa shi cikin waɗanda suka fi so. Jama'a ku taya ni dubawa, wane harshe ne zai ɗanɗana miya biyu ya rantse cewa wannan 84 ce, waccan 85? Da mutum biyu ko uku sun ƙara ɗan abu kaɗan a makinsu da lissafin ya sauya. Amma a kan wannan ɗan bambanci aka hana masu iyali abin da suka sa rai a kai. Ni da nake rubuta littafi in kai kasuwa da kuɗina na san zafin a yi wa aikin shekara hukunci da kalma ɗaya. Wasiƙar mai karatu da za ta ce min "wuri kaza kin yi gaggawa, wance ba ta yi magana irin ta matan aure ba" ta fi min amfani a kan mutum goma masu cewa "ya yi" ko "bai yi ba".

Wanda ya cika cinikin biri a sama kuwa shi ne Cyberpunk 2077, na kamfanin CD Projekt da ke ƙasar Polan, wanda ya fito ranar 10 ga Disamba 2020. Mutum miliyan 8 ne suka biya kuɗinsa tun bai fito ba. Kafin ranar fitowa kamfanin ya raba wa masu sharhi wanda ake bugawa a kwamfuta kawai, bai ba su na PlayStation 4 da Xbox One ba, ya kuma hana su nuna hoton bidiyon da suka ɗauka da kansu. Maki ya fito wajen 90, kowa yana murna. Da masu PlayStation 4 suka kunna nasu sai ga wasa yana cijewa yana mutuwa, mutanen ciki fuskarsu ba ta gama fitowa, motoci suna ɓacewa. Da aka zo aka yi wa wannan ɗin sharhi daga baya ko 60 bai kai ba. Cikin kwana bakwai zuwa takwas kamfanin Sony ya cire shi daga kantinsa ya ce a zo a karɓi kuɗi, bai dawo da shi ba sai watan Yuni na 2021. Kamar a kai ki gidan biki ne a ɗanɗana miki tukunyar manyan baƙi, ki fito ki shaida wa unguwa abinci ya yi, alhali ƙanzo aka zuba wa sauran jama'a. Laifin kamfani a fili yake. Amma masu sharhin da suka yarda da wannan sharaɗi suka saki lamba su ma ba su fita ba, ko da sun faɗa a cikin rubutu cewa na kwamfuta suka buga, domin sun san lambar ce take yawo, ba bayanin ba.

Duk da haka a cikin wannan rikici ne na ga amfanin mai sharhi na gaskiya. Wata ma'aikaciyar mujallar Game Informer mai suna Liana Ruppert, wadda take da farfaɗiya, tana cikin buga wasan kafin ya fito sai wata walƙiyar fitila ja da fari da ke ciki ta tayar mata da ciwon. Ta rubuta gargaɗi ta bayyana wuraren da ke da haɗari, kamfanin ya sa sanarwa ya kuma gyara wurin. Wannan rubutu babu maki a jikinsa ko ɗaya, amma uwar da take da yaro mai farfaɗiya ta san ya fi mata 90 sau dubu.

Wata za ta ce to mu rabu da masu sharhi mana, mu bi ra'ayin jama'a masu saye da kuɗinsu. Nan ma sai an yi hattara. A watan Yuni na 2020 wasan The Last of Us Part II ya fito, masu sharhi suka ba shi sama da 90, amma cikin 'yan awoyi dubban mutane suka yi masa ruwan sifili har makin jama'a ya faɗo ƙasa da 4 cikin 10, alhali wasan yana cin sama da awa 20 kafin a gama shi. Yaushe suka buga? Fushi ne kawai da yadda labarin ya juya da irin mutanen da aka sa a ciki. Daga baya Metacritic ya kafa doka sai an yi awa 36 da fitowar wasa kafin jama'a su sa maki. Su kansu masu sana'ar sun san da ciwon. Eurogamer ta Ingila ta daina ba da maki a 2015, sai ga shi a 2023 ta dawo da taurari biyar. Ka bar lamba a daina waiwayarka, ka riƙe ta ta danne maganarka.

Saboda haka ni abin da na tsayar shi ne, mai sharhi yana da rana, domin wasan da ake sayarwa dala 60 zuwa 70 a Amurka ba abin da za a saya a makance ba ne, kuma ba kowa ke da awa 30 na gwaji ba. Ƙorafina a kan lambar ne, da yadda muka mayar da ita alƙali. Abincin wani gubar wani, wanda ya yanka 97 ba ɗanki ya duba ba, bai san gidanki ba. Idan yaro ya zo miki da maki, fara juya kwalin ki ga lambar shekaru. Sannan ki sa a nemo miki sharhi biyu, na wanda ya yaba da na wanda ya kushe, ki ji dalilin kowa. Ki tambaya a kan wace na'ura aka gwada, irin ta gidanki ce ko wata. Kada ki biya kuɗin abin da bai fito ba, ki bari a yi mako biyu ƙura ta lafa. In da hali ki zauna kusa da shi rabin awa ki ga abin da idonki, gani ya kori ji.

Shi kuwa ɗan nawa na ce masa, "Kai, 97 ɗinka gaskiya ce, amma ga 18 nan ita ma gaskiya ce, kai kuma 12 gare ka. Ka kawo min cikon 6 ɗin sai mu yi magana." Ya kumbura baki ya ƙi cin abincin rana. Da yamma muka fita na saya masa wasan ƙwallo, wanda makinsa bai kama ƙafar wancan ba, ga shi har hutun ya ƙare shi da yaran maƙwabta ba su bar ni na yi barcin rana ba saboda ihun cin ƙwallo.